Idon Yaya

Mace ta haura arba'in, ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, ga 'ya a ɗakin miji, amma har yau ba ta da suna a otal ɗin nan sai Auta. Yayanta ne mai otal ɗin. Shi ya laƙaba mata tun tana rarrafe, ma'aikata suka ji a bakinsa suka ɗauka. Masu ɗan kunya su ce Anti Auta, marasa kunya su ce Auta gatsal, kamar tare aka yi musu goyo.

Aikinta intanet. Duk wata waya da ta bi bango a otal ɗin, daga teburin karɓar baƙi har ɗaki na ƙarshe a hawa na uku, hannunta ne ya ja ta. Ofishinta kuwa, in dai za a kira shi ofis, wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, inda dogon mutum ba ya miƙewa tsaye. Tebur ɗaya, kujera mai karyayyen hannu, fanka mai ƙugi, sai bokitan masu shara da suka mai da wurin ma'ajiyarsu. A kan wata kanta a bango kuma ga akwatin tsaro, wani baƙin ƙarfe da bai fi tiren shayi faɗi ba, fitilunsa na ƙyaf-ƙyaf. Duk intanet ɗin gidan ta cikinsa yake shiga, ta cikinsa yake fita. Shi ne mai gadin ƙofa: ya bar na kirki ya wuce, ya tare ɓarawo. In ya yi atishawa, na'urar cirar kuɗi ta tsaya, rajistar ɗakuna ta tsaya, baƙi su sauko da wayoyinsu a hannu suna masifa.

In komai na tafiya daidai, ba mai tuna akwai wata a ƙarƙashin bene. In ya tsaya kuwa, sai ka ji otal ya ɗauka: "Ina Auta? A kira Auta!"

Kuma takan zo. Wannan ita ce matsalarta tun fil azal. Ubansu ya rasu tana 'yar firamare, Yaya ya riƙe ta, ya kai ta makaranta har ta karanci kwamfuta. Bai yi ƙarya ba in ya ce shi ne ubanta, sai dai yakan faɗa fiye da yadda ake bukata. Ita kuma ta tashi da wata irin ƙafa wadda in ta ji muryar Yaya ba ta jiran shawarar kai. Ranar da 'yarta tilo ta karɓi kyautar ɗaliba mafi ƙwazo, Auta na kan tsani tana canza waya a hawa na biyu. Ranar da yarinyar ta karye a hannu, maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. Ranar da ta gama jami'a, Auta ta iso an riga an fara naɗe kujeru, ta tarar da ita tsaye da hular a hannu. Yarinyar ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai ta ce, "Ba komai, Mama, na san Kawu ne." Wallahi da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

To yanzu ga yarinyar da cikin fari, likita kuma ya duba ya ce kwanciyar ɗan ba daidai ba ce, sai an yi tiyata. Aka sa rana. Yarinyar nan da ba ta taɓa roƙon uwarta komai ba ta kama hannunta a falo ta ce, "Mama, tsoro nake ji. Ba na son komai, kawai ki riƙe hannuna har ƙofar ɗakin tiyatar. Daga nan in kina so ki tafi."

"In tafi ina?" in ji Auta. "Ko otal ɗin ne ya kama da wuta, ina nan. Na yi miki alkawari."

Yarinyar ta yi murmushi, irin murmushin da ake yi wa yaro in ya ce zai saya maka jirgi.

Amma bari a ɗauko labarin wani abu da ake kira Ido, don shi ne mafarin fitinar. Wata shekara intanet ɗin otal ya riƙa jan ƙafa, baƙi na ta gunaguni. Auta ta ɗora wa akwatin tsaron wata 'yar ƙarin manhaja mai lura da zirga-zirga, wadda ke nuna ko wane ɗaki ne ke zuƙe intanet, da launi-launi: kore in an sha kaɗan, ja in an kwankwaɗa. Ba a jima ba ta kama ɓarawon, ashe talabijin ɗin ofishin Yaya ce, da ke kwana tana kallon ƙwallo ita kaɗai. Ta kai masa ya gani. Kuskuren da ta yi ke nan. Maganar talabijin ko a jikinsa, launukan nan ne suka tafi da shi. Nan take ya sa aka kafa masa babban allo a bango, ya raɗa wa abin suna Idona.

Tun daga ranar Yaya ya samu sana'a. Ya zauna da kofin shayi yana kallon layuka na hawa suna sauka. Kicin ya yi ja, sai ya zari takalmi ya sauka ya tsaya a kan mai dafa abinci: "Bidiyo na ɗauke ka kallo ko girki?" Ɗakin wanki ya yi ja, a kira shugabarsu. Baƙo mai muhimmanci ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa allo. "Ka gani? Ko kiyashi ya taɓa intanet a gidan nan, ina ganinsa." Da a ce zai ƙara da cewa ƙanwata ce ta haɗa, ai da an yi ruwa da ƙanƙara. Bai taɓa faɗa ba.

Sai manhajar akwatin ta tsufa. Masu yin ta suka sanar cewa tsohuwar tana da kafar da ɓarayi ke bi, kowa ya sabunta. Wani ɗan rubutu ruwan ɗorawa ya fito a saman allo yana tuni kullum. Sabuntawa kuwa ba abin tashin hankali ba ne, in ba don Ido ba. Ido ya riga ya yi saiwa a cikin tsohuwar manhajar, sabuwar kuma ba ta san shi ba. In aka ɗora ta a kansa haka nan, akwatin zai kashe kansa don ya tashi da sabon kaya, daga nan kuma ba zai tashi ba. Hanyar ɗaya ce: a adana saituna, a cire Ido, a sabunta, a tabbatar komai na numfashi, sannan a mayar da sabon Ido wanda ya dace. Aikin wuni guda bai kai ba. Sai dai a tsawon lokacin allon Yaya zai yi baƙi.

Ta faɗa masa a ofis. Ta faɗa masa a mota. Ta faɗa masa a gidansa, a gaban matarsa, ko kunya za ta sa ya saurara.

"A cire me?" in ji Yaya. "Ke Auta, kin san abin da mutanen nan za su yi in suka ji idona a rufe yake? Ai biki za su yi."

"Yaya, na 'yan awoyi ne fa."

"Ko na ƙiftawa ne. Abin da ke aiki lafiya lau, ina ruwanki da shi? Ku yaran nan ba ku iya ganin abu a zaune."

Yaran nan! Matar da gwiwarta ke ƙara in za ta tashi daga ƙarƙashin tebur. Sau ɗaya ta gwada kashe allon da sassafe don ta duba wani abu, kafin ta ja kujera ya sauko har lungunta, ya wanke ta tas a gaban masu shara. Tun daga nan ta haɗiye. Ta ce a ranta, bari yarinya ta sauka lafiya, sannan ko yana so ko ba ya so za a yi.

Akwai wani hali na Yaya da duk dangi suka sani. Magana in ta fito daga bakin na gida, iska ce. In ta fito daga bakin baƙo, musamman mai kwat da jakar kwamfuta, to ta zama wahayi. Akwai kuma na biyu: makullai. Kowane makulli na otal ɗin yana cikin wani ƙaton zobe a aljihunsa, tun daga nesa ake jin zuwansa, kacau-kacau. Da ya ji akwatin ma yana da kalmar sirri, sai da ya karɓa ya adana a wayarsa. Ba don ya san abin da zai yi da ita ba, don dai kada a ce akwai ƙofar da ba ya iya buɗewa.

Ana jajibirin tiyata ta je ta tsaya a gaban teburinsa. "Yaya, gobe ba na nan. Wayata ma kashewa zan yi. Na duba komai, lafiya yake. Don Allah, don girman Allah, kada kowa ya taɓa komai."

"Wa zai taɓa?" ya ce, idonsa na kan allo. "Allah ya raba lafiya. Ki gaishe ta."

Da safe otal ya cika da mahalarta wani taro. Cikinsu akwai wani bawan Allah mai kwat, wanda aikinsa ke nan a kamfaninsu. Yaya ya ja shi ofis don ya nuna masa Ido. Mutumin ya duba, ya yaba, sannan ya nuna ɗan rubutun nan ruwan ɗorawa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya kamata a sabunta shi, akwai haɗari. Amma mai kula muku da shi zai fara cire wannan ƙarin tukuna, in ba haka ba zai iya tsayawa." A yi wa mutumin adalci, bai rage komai ba. Abin da Auta ta yi wata da watanni tana faɗa har bakinta ya bushe, shi ya faɗa, kusan kalma da kalma. Yaya ya ji rabin farko ya gyaɗa kai. Rabi na biyu bai same shi a gida ba. Baƙo na fita ya lalubo kalmar sirri a waya, ya sa tabarau, ya danna.

Allon ya nuna wani layi yana cika a hankali. Ya cika. Sannan ya yi baƙi ƙirin, bai dawo ba.

A can asibiti Auta na zaune a bakin gado, hannun 'yarta cikin nata. An sa wa yarinyar rigar tiyata da hula, an ɗaura mata ruwa, leɓenta ya bushe don ba ta ci komai ba tun jiya. Surukin Auta na ta kai da kawo a ƙofa kamar an aike shi ya manta saƙon. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce akwai mutum ɗaya a gabansu, su jira kira. Auta na ba yarinyar labarin ranar da ta haife ta, tana ƙara gishiri don ta ga ta yi dariya. Wayarta na cikin jaka a kashe, ta kuma ji wani irin daɗi da ta daɗe ba ta ji ba.

Sai wayar surukin ta yi ƙara. Ya duba, ya kalli Auta, ya fita. Ya dawo yana sosa ƙeya. "Mama, Kawu ne. Wai yana ƙasa, wajen ajiye motoci."

"Ka ce ya hau mana. Ai ya kyauta da ya zo."

"Wai... wai ba zai iya hawa da shi ba. Masu gadi sun hana."

"Da wa?"

Surukin ya miƙa mata wayar kawai. Muryar Yaya ta cika ɗakin tun kafin ta kai kunne. "Auta! Abin nan naki ya mutu. Baƙi sun cika min teburi, na'urar kuɗi ba ta yi, masu taro na neman cin naman jikina. Na taho miki da shi. Sauko ki duba, minti biyu."

"Ka taho da me, Yaya?"

"Da akwatin mana! Na cire shi. Ba ke kika ce ba za ki zo ba? To ga shi na kawo miki har inda kike, me kuma kike so?"

Innalillahi. Ya tumɓuke akwatin tsaro daga kan kantar nan, ya fizge wayoyin da ta jera ɗaya bayan ɗaya ta yi wa kowace alama, ya sa a mota ya kawo asibitin haihuwa, kamar agogon bango ne da za a canza wa batir. Kuma a ganinsa alfarma ya yi mata.

Ta buɗe baki za ta ce a'a. Allah shaida, kalmar na kan harshenta. Yarinyar na kallonta, hannunta ya ɗan yi sanyi. Yaya ya sake cewa "Auta!" da muryar nan da yake kiranta tun tana 'yar firamare, sai ga ta tsaye, ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Zan je in ce masa ya koma ne kawai," ta ce. "In ba haka ba zai yi ta kira. Yanzun nan, kafin ki ƙifta ido."

"To, Mama," in ji yarinyar, ta saki hannun.

Na'urar hawa bene ta cika da masu keken marasa lafiya, ta bi matakala da gwiwarta mai ƙara. Ta same shi tsaye a rana kusa da mota, akwatin rungume a ƙirji, guntayen wayoyi na reto, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ko "ya mai jiki" bai ce ba. Ya fara zuba: baƙon nan masani ne, shi ya ce a sabunta, ashe ma abin ya daɗe yana bukata, me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba?

Me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba! Auta ta ce na faɗa maka a ofis, na faɗa maka a mota, na faɗa maka a gaban matarka. Ya ce ba haka kika faɗa ba, ke cewa kika yi za ki cire min Ido. Ta ce ai shi ne, Yaya, shi ne! Ya ce to yanzu dai duba. Ta ce ba a gyara shi a kan bayan mota, sai an mayar da shi, an haɗa da kwamfuta, an sake ɗora manhajar daga tushe. Ya ce to shiga mu je, ai tiyatar da saura. Ta ce ba za ta je ba. Ya kalle ta kamar ta yi wani yare. Ta sake faɗa, ya sake musu, ya tuna mata wanda ya riƙe ta da ubansu ya rasu. Nan ta juya ta bar shi yana magana, abin da ba ta taɓa yi ba tun da take.

Ta hau matakalar tana haki, tana jin wani ɗan alfahari ma, wai yau ta ce wa Yaya a'a. Ta tura ƙofar ɗakin.

Babu gadon. Sai gurbinsa a ƙasa, da silifas ɗin yarinyar a jere, da ƙarfen rataye ruwa ba komai a kansa.

Ta ruga zuwa ƙarshen baranda. Ƙofar ɗakin tiyata a rufe, fitila ja a samanta. Surukin na jingine da bango. Ya ce kina sauka suka zo, wai wadda ke gabansu an ɗage nata. Ya ce ya so ya kira, wayar tasa kuma tana hannunta. Ta duba, ga ta kuwa, ta damƙe ta har yatsunta sun yi fari.

"Ta neme ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce su ɗan jira. Ita ta ce a'a, a tafi kawai. Ta ce Kawu ne ya kira ki."

Auta ta zauna a kan benci. Ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce nan. Haushi ne ya cika ta har wuya: haushin Yaya, haushin allon bango da launukansa, haushin lungun ƙarƙashin bene, sama da duka haushin ƙafafun nan biyu da suka sauka da ita. Da ya kira, da ta ce a'a daga bakin gado, me zai faru? Otal zai wuni ba intanet. Shi ke nan fa. A rubuta sunan baƙi da biro, kamar yadda aka yi shekara da shekaru kafin a haifi akwatin.

Can sai ga kacau-kacau a baranda. Ya lallaɓa masu gadi sun bar shi, ya hau da kayansa. Ya ga fitila ja, ya ga fuskarta, ya rage sauri. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, akwatin a kan cinya.

"An shiga da ita?" ya ce a hankali.

Ta kafe fitilar ja da ido.

"Ai da kin faɗa min yanzu-yanzu ne..."

"Yaya." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle shi ba. "In ka ƙara cewa da na faɗa maka, wallahi zan yi ihu a asibitin nan har a fitar da mu."

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, otal na nemansa, ya rasa hannun ɗauka saboda akwatin. Haka suka zauna, ita tana kallon ƙofa, shi yana kallon takalminsa, har ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce an samu mace, uwa da 'ya lafiya. Surukin ya durƙushe a wurin yana hamdala. Yaya ya ce masha Allah, ya motsa kamar zai ce wani abu, Auta ta riga ta bi bayan ma'aikaciyar.

Sai da rana ta karkata yarinyar ta farfaɗo sosai. Auta na gefen gado, jaririyar naɗe a hannunta, ɗayan hannun kuma ta kama na 'yarta ta riƙe gam, kamar riƙon yanzu zai biya na ɗazu. Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta kalli jaririyar ta daɗe, sannan ta kalli uwarta.

"Mama," ta ce, muryarta a dishe, "kin gyara wa Kawu?"

"Ban taɓa shi ba," in ji Auta da sauri. "Ko kallonsa ban yi ba. Na ce masa ba zan je ba, na ce masa a'a, a gaban mutane. Yana nan waje da akwatinsa."

Yarinyar ta lumshe ido. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, gajiya ce kawai.

"Ai da kin gyara masa, Mama," ta ce. "Tunda dai kin riga kin sauka."